Garantin Motar Hannu: Tambayoyinku Kan Rasidin Sabis, Indomi Da Gas

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: an sayi motar hannu da alkawarin garanti, ta lalace, an koma wurin mai sayarwa ya ce ba ruwansa. Kamar kullum, ba mu sa sunan mai tambaya ba, ba mu kuma sa sunan inda aka sayi motar ba. Amsoshin na injiniyoyin mota ne da lauyan da ke duba mana ɓangaren ciniki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Hyundai Sonata ƙirar 2019, 'yar Amurka. Dilan ya ce kamfanin na ba da garantin shekara 10 a kan inji da giya, don haka har 2029 ba ni da fargaba. Haka ne? — Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, dilan ya faɗa maka rabin magana ne, ya bar rabin da ya shafe ka. Gaskiya ne a Amurka Hyundai na ba da shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, amma ga wanda ya fara sayen motar kaɗai. Da zarar ta koma hannu na biyu sai wa'adin ya dawo shekara 5 ko mil 60,000, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka fara sayar da ita sabuwa, ba ranar da ta sauka a Legas ba. Motar 2019 ta riga ta wuce wannan.

Ko da ba ta wuce ba, akwai katanga biyu a gabanka. Ta farko, garanti na kasuwar da aka sayar da mota ne. Wakilin kamfanin a Najeriya ba shi ya sayar da ita ba, babu kuma abin da ya wajabta masa ya gyara ta kyauta. Ta biyu, da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga wuraren gwanjo irin su Copart da IAAI ake sayo su, bayan kamfanin inshora ya riga ya biya mai su saboda haɗari ko ambaliya. Motar da aka taɓa yi wa takardar cewa ta tashi aiki, garantin kamfani ya faɗi a kanta ko da a Amurkar ce. Haka kuma motar da aka juya wa mita.

Ka duba lambar shasi, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Haruffa da lambobi 17 ne. Na goma shi ke nuna shekarar ƙira: J na 2018, K na 2019, L na 2020. Da wannan lamba za ka sayi rahoton tarihin mota na kamfanin Carfax, ka ga mutum nawa suka riƙe ta, mil nawa ta yi lokacin da aka yi mata sabis na ƙarshe, da ko an taɓa ayyana ta a matsayin wadda ta tashi aiki. Ka kuma rubuta lambar a Google kawai, sau da yawa hotunanta na wurin gwanjo suna fitowa, da gabanta a murƙushe.

Garantin da zai amfane ka a Kano shi ne wanda dilan ya rubuta da hannunsa ya sa hannu. Idan ya yarda da maganarsa, ya rubuta maka ko wata uku ne.

Tambaya: Na sayi Camry 2012 da garantin wata uku a rubuce, a kan inji da giya. A mako na bakwai injin ya buga a hanyar Zariya. Dilan ya ce sai na kawo rasidin juyen baƙin mai. Na yi juye sau ɗaya wurin bakanikenmu na unguwa, shi kuwa ba ya ba da rasidi. Haƙƙina ya tafi ke nan? — Daga Kaduna

Amsa: Bai tafi ba tukuna, Alhaji, amma abin da za ka yi a kwana biyun nan shi zai raba gardama. Kada ka bari kowa ya kwance injin. Kada a zubar da man da ke ciki, kada a cire filta. Ka sa a ja motar, ka sanar da dilan a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne mai kwanan wata da hoton mita, ku sa ranar da za a buɗe injin a gabanku duka, kowa da bakanikensa. Mafi yawan masu garanti a nan suke faɗuwa: kafin mai sayarwa ya ga motar an riga an sauke inji an wanke shi da fetur, hujjar ta bi kwata.

Ranar buɗewa, ga abin da za a duba. A fara cire marfin saman inji. Idan aka tarar da baƙin dasƙararren mai kamar kwalta ya lulluɓe kamshaf, wannan ba aikin mako bakwai ba ne. Sakacin dubban kilomita ne, kuma ya girmi cinikinku. Sai a sauke farantin ƙasa a duba rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Idan dattin ya toshe ta, to mai ya daina isa ga metal na kirankishaf, shi ya sa ya cinye. Nan magana ta koma kan dilan. Idan kuwa cikin injin fes yake amma man bai kai lita biyu ba, alhali injin wannan mota mai silinda huɗu na ɗaukar lita 4.4 tare da filta, za a tambayi inda sauran ya tafi. Idan ta makunnin ƙasa ya zube saboda ba a ɗaure shi da kyau ba ranar juye, ko robar filta ta tsinke wurin sakawa, laifin na bakanikenka ne, garanti ba ya ɗaukar wannan. Idan injin ne ke shan mai ta ringi, za a ga fulogi sun yi baƙi da maiƙo, kan fistin ya yi gawayi mai kauri, wannan ma tsohon ciwo ne. Sai dai dilan zai ce me ya sa ba ka duba ma'auni ba, kuma idan fitilar mai ta kama ka ci gaba da tafiya, yana da abin faɗa.

A ɗebi man a kwalba mai tsabta a rufe, a yanka filtar a duba takardar ciki. A kuma sa na'urar binciken kwamfuta kafin a cire batir, domin kwamfutar motar na ajiye yanayin da injin ke ciki lokacin da matsala ta fara: zafinsa, gudun motar da juyin inji.

Batun rasidi kuma, nemansa ba sabon abu ba ne, har manyan kamfanoni haka suke yi. A 2002, da ƙorafi ya yi yawa kan dasƙarewar mai a injinan Toyota na 1997 zuwa 2002, irin na tsohuwar Camry da Sienna da RX300 da suka cika titunanmu, kamfanin ya yarda zai gyara har shekara 8 ba iyakar mil, amma sai mai mota ya nuna shaidar cewa yana juye. Rasidi hujja ce, sai dai ba ita kaɗai ce hujja ba. Shaidar tura kuɗi ta banki zuwa shagon mai, galan ɗin da ya rage, sabuwar filtar da ke jikin injin, da shi kansa bakaniken idan zai zo ya yi bayani, duk suna taimakawa. Ka karanta takardar garantin da kyau: idan ba a rubuta cewa sai a wani gareji za a yi sabis ko sai da rasidi ba, dilan ba zai ƙirƙiro sharaɗi bayan inji ya buga ba.

Abu ɗaya zai iya ba ka matsala. A marfin man wannan mota an rubuta 0W-20. Idan 20W-50 aka zuba, kamar yadda aka saba a garejinmu da sunan wai ƙasarmu da zafi, dilan ya samu abin kamawa. Mai kauri yana jinkirin hawa sama da safe, kuma na'urar VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, da matsin mai take aiki ta ƙananan ƙofofi. Juye ɗaya da shi ba ya buga lafiyayyen inji a mako bakwai, amma sai ka sha gardama kafin a yarda.

Nan gaba ka ajiye littafi a cikin motar. Kowane sabis a rubuta kwanan wata, kilomita, sunan mai da lambarsa, lita nawa, da lambar filta, bakanike ya sa hannu, ka ɗauki hoton mita da galan tare. A ƙurarmu, musamman lokacin hunturu, kilomita 5,000 ko wata shida shi ne abin da ya fi kwanciyar da hankali.

Tambaya: Da na sayi mota bakanike ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, domin na ƙasar sanyi ne. Ya kuma ce indomin salansa, wato matatar hayaƙi, ya toshe, aka fasa aka cire. Yanzu gasket ya ƙone, dilan ya ce na taɓa inji, garanti ya ɓaci. Ina ruwan indomi da gasket? — Daga Katsina

Amsa: Tambayarka ta ƙarshe ita ce tambayar da ta dace a yi a kowace rigimar garanti: abin da aka canza shi ya jawo abin da ya lalace? A kan indomi kana da gaskiya, cire shi ba ya ƙona gasket. A kan tamostat da fanka kuwa ba ka da inda za ka tsaya, domin su da gasket gida ɗaya suke.

Tamostat ba na ƙasar sanyi ba ne. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai duk da shi suke zuwa. Aikinsa ya riƙe ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, wajen digiri 82 zuwa 90 gwargwadon mota, sannan ya buɗe wa lagireto. A injina da yawa yana da aiki na biyu da ba a cika sani ba: idan ya buɗe, bayansa yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji ba tare da ya je lagireto ba. Idan aka cire shi, wannan hanya tana nan a buɗe, wani ɓangare na ruwan zafi yana ta komawa inji bai huce ba. Da safe kuma injin yana daɗewa bai yi ɗumi ba, kwamfuta na ta ƙara fetur, fetur na wanke man jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Sau da yawa lambar matsala ta P0128 tana fitowa a na'urar binciken kwamfuta, ita ce shaidar da ke tona asirin an cire.

Fankar da aka haɗa kai tsaye tana aiki tun daga kunna mota har kashewa, ba a ƙera ta don haka ba. Burushinta ya cinye, ko wayar da aka murɗa da hannu ta yi zafi ta saki, ranar da ta tsaya kuma a cikin cunkoso take tsayawa. In an haɗa da ruwan rijiya a lagireto a maimakon kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, abin ya cika. Kulan da aka haɗa rabi da rabi, ƙarƙashin marfi mai kyau, ba ya tafasa sai ya haura digiri 120, kuma yana hana tsatsa cin famfon ruwa. Top silinda na alminiyon tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa shi.

Akwai ƙofa ɗaya da ta rage maka. Me ya sa bakaniken ya ba da shawarar cirewa tun farko? Idan motar tana zafi ne tun makon da ka saye ta, to wataƙila gasket ɗin ya riga ya fara, cire tamostat ɓoye ciwon kawai ya yi. Idan ka taɓa kai wa dilan ƙorafin zafi kafin a taɓa komai, kuma akwai saƙo ko shaida, ka riƙe wannan. In babu, ka nemi sulhu, ku raba kuɗin aiki. Lokacin gyara a kai top silinda a auna shi, a mayar da tamostat, a mayar da fanka kan rilenta.

Indomin kuma, ka tambaya ina aka kai shi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, filatinom da faladiyom da rodiyom, shi ya sa "ya toshe" ke saurin fitowa daga bakin wasu. Kafin a yarda ya toshe ana auna matsin hayaƙi ta ramin sensa ta gaba. Kuma idan ya narke da gaske, wani abu ne ya narkar da shi, galibi fulogi ko koyil da ke barin ɗanyen fetur ya wuce. Yanzu duk wata matsala ta sensar hayaƙi, da lambar matsalar indomi ta P0420, da shan mai, ba za ka kai wa dilan ba.

Tambaya: Ofishinmu ya yi gwanjon motoci na sayi ɗaya, shekararta biyu, daga wakilin kamfani aka sayo ta sabuwa a nan Najeriya kuma garantinta bai ƙare ba. Ina so in mayar da ita mai amfani da gas na CNG. Zan rasa garantin? — Daga Abuja

Amsa: Kafin maganar gas, ka karɓi littafin sabis daga ofishin ka duba hatimi. Sababbin motocin da wakilai ke sayarwa a nan galibi shekara 3 ko kilomita 100,000 ake ba su, duk wanda ya riga cika, kuma sharaɗin shi ne a yi sabis a kan lokaci. Motocin ofis sukan yi sabis biyu ko uku na farko wurin wakili, daga nan a koma wurin ɗan kwangila. Idan akwai giɓi, ka je da lambar shasi su duba a kwamfutarsu su faɗa maka matsayinta a rubuce, ka kuma sa a mayar da sunan mai mota zuwa naka.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 gwamnati ke ƙarfafa komawa CNG, kuma sauƙin kuɗin a fili yake. Amma amincewar gwamnati da wurin da ya yi maka aikin daban, amincewar kamfanin motar daban. Dubi abin da aikin ya ƙunsa: za a huda bututun shigar iska a dasa nozul na gas, a yanke wayoyin nozul na fetur a ratsa da wata ƙaramar kwamfuta, a yanke hos ɗin ruwan zafi a kai wa na'urar rage matsi, a huda ƙasan but a ɗaure tukunya. Inji, wayarin, sanyaya inji da jikin mota duk an taɓa. Idan gilashin ƙofa ya daina hawa ko famfon sitiyari ya lalace, kana da bakin magana. Idan bawul ya ƙone, kada ka sa rai.

Bawul ɗin ne ma ainihin wurin da gas ke ci. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul ko ya bar masa ɗan maiƙo kamar fetur, sai mazaunin bawul ya riƙa cinyewa a hankali, tazarar ta ragu, har ya daina rufewa sosai ya ƙone. Alamar farko ita ce karkarwa da safe da wuyar tashi. A injin da ake saita bawul da hannu, irin na Honda Accord da CR-V masu lita 2.4, a riƙa auna tazarar akai-akai fiye da yadda littafi ya ce. Gas kuma ya fi fetur wuyar kamawa da wuta, don haka tsohon fulogi da raunannen koyil nan da nan suke bayyana. A sa sababbi kafin aikin. Idan an saita gas ɗin ya yi ƙaranci don a burge ka da tsimi, zafin ya ƙaru.

Shawararmu: ka rubuta wa wakilin ka tambaya ko suna da wurin da suka amince da shi, da abin da zai rage a garantin. In saura 'yan watanni ya ƙare, ka jira, ka kai duk wani ƙorafi a gyara, sannan ka sa gas. Wurin da zai yi aikin ya ba ka nasa garantin a rubuce, da takardar tukunya mai lamba da ranar ƙira da ranar gwaji. Matsin da ke cikinta ya kai 200 a ma'aunin bar. Fashewar da ta auku a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoban 2024, tukunyar da aka haɗa da walda ce ta jawo ta.

Tambaya: Maigidana ya sa an ɗaura wa motata na'urar bin sawu da babban allo na Android. Bayan kwana goma mota ta ƙi tashi, aka ce kwamfutar jikin motar ta ƙone. Akwai garantin wata shida. Wa zai biya? — Daga Sakkwato

Amsa: Hajiya, a nan sai an bi waya. Mai wayarin da ya san aiki yana ɗaukar wuta daga akwatin fis, ya sa wa na'urar nata fis, allon kuma ya haɗa shi da soket ɗin da aka yi don wannan mota ba tare da yanka ba. Wanda bai sani ba yana feɗe duk wayar da fitilar gwajinsa ta kama, ya murɗa ya naɗe da salatif. A motocin yanzu akwai wayoyi biyu a murɗe da juna da kwamfutocin motar ke magana ta cikinsu. Wutar batir ta taɓa su, ko a yanke wayar famfon fetur a wurin da bai dace ba don na'urar kashe mota daga nesa, sai a yi asarar kwamfuta.

Kada a cire na'urorin a ɓoye kafin a kai wa dilan. Wurin da aka feɗe waya ba ya ɓoyuwa, kuma in aka gane an yi rufa-rufa, sauran garantin ma ya shiga ruwa. A buɗe kwamfutar a gani. Ƙonewa a ƙafar da ke haɗe da wayar da aka taɓa, wanda ya ɗaura ne zai biya. Koren tsatsa da alamar laka kuwa na nufin motar ta taɓa shan ambaliya, wannan na dilan ne. A ɗaga kafet a duba ƙarfen ƙarƙashin kujera, zai ba da labari.

Tambaya: Ina zaune a Ingila, na sayi Kia mai shekara huɗu wurin dila. Sabis wurin wakilin kamfani da tsada. In na kai ƙaramin gareji garantin zai ɓaci? Ɗan'uwana a Amurka ma yana da wannan tambaya. — Daga Manchesta

Amsa: Ba zai ɓaci ba. Garantin Kia a Ingila shekara 7 ne ko mil 100,000, kuma yana bin motar zuwa hannu na biyu. Tun 2003 dokar gasar kasuwanci ta hana kamfanonin mota tilasta wa mutane yin sabis wurin wakilansu a lokacin garanti. Sharaɗin shi ne a bi jadawalin kamfani, a sa kaya masu inganci daidai da na asali, da man da aka ƙayyade. Rasidin ya nuna lambar mota, mil, lambar kowane kaya da irin man, ba "an yi sabis" kawai ba. Ka kuma tabbatar wanda ya riƙe ta kafin kai bai tsallake sabis ba, domin giɓinsa kai zai bi.

Wannan bai shafi ƙarin garanti mai sharaɗi ba. Na Toyota a can, wanda ke kaiwa shekara 10 ko mil 100,000, sabis wurin wakilinsu ne ke sabunta shi duk shekara. Garantin da ake saya daga kamfanoni masu zaman kansu kuma yarjejeniya ce, abin da aka rubuta shi ke aiki, kuma kusan dukkansu suna so a kira su kafin a fara gyara.

Ban da garanti, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota mai aibi ga dila, kuma aibin da ya fito cikin wata shida ana ɗauka da shi aka sayar sai dilan ya kawo hujjar akasin haka. Ba ta aiki idan daga hannun mutum ka saya.

Ɗan'uwanka kuma dokar Magnuson-Moss ta 1975 ce ke kare shi. Ba a soke garanti don an yi sabis a wani gareji ko an sa kayan wani kamfani, sai an nuna kayan ne suka jawo lalacewar. Ya dai kiyayi sauya manhajar kwamfutar inji don ƙarin ƙarfi. Ko an mayar da ta asali, na'urar wakili na iya gane an taɓa.

Tambaya: Da baki dilan ya ce in wani abu ya faru a wata ɗaya in dawo. Giya ta fara fizga a mako na biyu. Bakanike ya juye man giyar ya zuba sabo, abin ya ƙaru, yanzu ba ta shiga ta uku. Dilan ya nuna mini rasidi an rubuta "an saya ba mayarwa". Corolla ce 2015. — Daga Gusau

Amsa: Malam, galibin Corolla 2015 'yan Amurka giyar CVT gare su, wadda ba ta da ta ɗaya da ta biyu irin na da, bel ne na ƙarfe tsakanin fule biyu. Ka fara tabbatar da wace iri ce taka, sannan ka nemo galan ɗin da aka zuba. CVT ɗin Toyota manta daban ne, an rubuta FE a jiki. Ba a zuba mata man giya na WS, ba a zuba T-IV na tsofaffin Camry, balle jan man da ake aunawa a kwalba. Man da ba nata ba yana sa bel ya riƙa zamewa yana kankare fule, kuma wannan ba ya gyaruwa da sake juye. Ba ta da ma'aunin zarowa, ana daidaita yawan man ne ta makunnin ƙasa, motar a miƙe, man na da ɗumin wajen digiri 40.

Kuskuren shi ne juyen da aka yi kafin a koma wa dilan. Duk da haka fizgar ta riga juyen, kuma giya ba ta lalacewa a mako biyu haka kawai. Idan tsohon man yana nan, ko bakaniken zai shaida ya fito baƙi da ƙauri da garin ƙarfe a maganaɗisun faranti, ka samu hujja. A karanta lambobin matsala na kwamfutar giya. A kuma gwada mitar da rahoton Carfax. Idan rahoton ya nuna mil 160,000 shekara biyu da suka wuce, mitarka na nuna 90,000, magana ta tashi daga garanti ta koma yaudara.

Rubutun rasidin ba shi ne ƙarshen zance ba. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su cika ingancin da ya kamata ba cikin wata uku. A fiƙihun Malikiyya ma, wanda ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa, kuma mai sayarwar da ya san aibin ya yi shiru, sharaɗin ba mayarwa ba ya wanke shi. Sai dai ci gaba da hawan motar bayan ka ga aibin ana ɗaukarsa yarda ce, don haka ka ajiye ta. Ka nemo waɗanda suka ji alkawarin wata ɗayan, har da dillalin da ya karɓi la'ada. Ka fara da shugabannin ƙungiyar dilolin wurin, sukan fi kotu saurin kashe irin wannan wuta. In ya ƙi, sai hukuma ko kotu.

Tambaya: Na sa manyan tayoyi na kuma ɗaga motar saboda hanyar garinmu. Shaf ya fara ƙara. Garanti zai ɗauka? — Daga Maraɗi

Amsa: Da wuya. Ɗaga mota yana karkatar da shaf fiye da yadda aka tsara, robarsa ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga. Shaf, boris na ƙafa, shokozoba da sitiyari duk sun fita daga garanti, ko da yake dama yawancin dilolin ba sa sa kayan ƙafa a ciki. Canza rim ba laifi ba ne in tsayin tayar bai canza ba: 215/60R16 da 215/55R17 kusan ɗaya suke, milimita 664 da 668. Amma 235/60R17 ta kai 714, ƙarin kashi 7 cikin 100, wanda ke ƙara wa giya nauyi ya kuma sa mita ta riƙa ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi. Kada bambancin ya wuce kashi 3. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, tayoyin huɗu su zama lamba ɗaya, cinyewarsu ma ta yi kusa da juna, in ba haka ba akwatin raba ƙarfi ne zai biyo bayan shaf ɗin.